Farar Giya da Harshen Baba

Lokacin da na dawo Agadez daga Yamai da difulom ɗin aikin otel, ba na jin akwai wanda ya kai ni hura hanci a garin nan. Shekaruna ashirin da bakwai, na iya naɗe sarbeti, tsumman goge baki na tebur, ya tsaya da ƙafarsa, na iya buɗe kwalba ba tare da ta yi ƙara ba, kuma ina ganin duk wanda bai iya waɗannan ba bai san komai ba a duniya. Aiki kuwa ban wahala wajen samunsa ba. Wani tsoho abokin marigayi mahaifina, wanda tun ina rarrafe nake ce masa Baba, shi ya kama hannuna ya kai ni gaban Madam, Ba'anasariyar da ke da ɗan masaukin baƙi a tsohon gari, ya ce mata ga ɗansa. A ranar ta ɗauke ni.

Baba shi ne mai dafuwar gidan, shi ne kuma mai kai abinci tebur, tun kafin Madam ta sayi wurin. A shekarun nan turis, Turawa masu yawon buɗe ido, suna cika gari duk lokacin sanyi, su kwana biyu su wuce duwatsun Ayar ko Tenere cikin motocin sahara da ake kira kat-kat, kuma ba sa cin abinci sai da giyar inabi a gefe. Shekara talatin Baba ya yi yana zuba musu ita. Yana da tsumma na musamman da yake riƙe kwalba da shi, yana da rigar aiki da ba ta taɓa shiga masallaci ba, kuma in ya zo zubawa sai ya miƙe hannu nesa da jikinsa, ya kau da kai. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu. Mutane sun san aikinsa, sun kuma ƙyale shi, saboda abu ɗaya da kowa ya sani: ko ɗigo bai taɓa sauka a harshensa ba. Ya sha faɗa, har mun haddace: "Hannun ga, Allah shi gahwarta mai, iyali yake ciyarwa. Amma harshe na aje shi don kiran salla." Ba shi da gida mai kyau, ba shi da raƙumi ko ɗaya, ƴaƴansa ba su yi nisa a karatun lakkol ba. Wannan harshen shi ne duk abin da yake taƙama da shi.

Ni kuwa nawa harshen ya daɗe da sanin ta. A makaranta an koya mana mu kurɓa, mu juya a baki, mu tofar. Ina tofarwa in malami na kallo.

Wata uku da fara aikina aka kawo wa Madam katan biyu na wata sabuwar farar giya, irin marar zaƙi ko kaɗan, wadda su suke ce wa sek. Ta ce kafin babban ayarin baƙi ya iso ranar Asabar, sai mun san abincin da zai tafi da ita. Da hantsi ne muka taru a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ni da ita da Baba, sai Iya mai wanke-wanke tana durƙushe can wajen famfo, kunnenta yana wajenmu. An ɗauke wuta tun safe, firigo ya mutu, don haka Baba ya naɗe kwalbar cikin jiƙaƙƙen buhu ya rataye ta inda iska ke bi, kuma sai ga ta ta yi sanyi daidai. Ko wannan sai da ya ba ni haushi, don ba a koya mana shi ba.

Ni na buɗe, ni na zuba. Na ɗaga ber ɗin, wato kofin gilashin, sama na duba launinta, fari-fari da ɗan kore kamar ruwan da aka jiƙa ɗanyen lemu a ciki. Na juya ta, na sa hanci, na kurɓa. Gaskiya giyar ta yi. Tsaminta ne ke fara isa, siriri, mai sanyi, ya bi gefen harshe ya sa yawu ya taru, sannan wani ƙamshi na ɗanyar ciyawa ya hau hanci, a ƙarshe ta bar ɗan bauri da ɗanɗanon gishiri-gishiri, baki ya bushe ƙarau yana neman abin taunawa. Na tofar cikin tasa, na goge baki, na shiga zuba wa Madam Faransanci. Na ce mata a duk duniya an san farar giya da kifi take tafiya, saboda haka na sa an kawo giwan ruwa daga Yamai, za a yi shi da miyar tumatir da tattasai.

Madam ta juya ta tambayi Baba. Bai taɓa ber ɗin ba. Ya matso kaɗan, hannayensa a baya, ya shaƙi iskar da ke samansa sau biyu, ya ja da baya.

"Madam, kihin ga ya kwana biyu cikin motar kar, ƙanƙara ta narke tun Abalak," in ji shi da guntun Faransancinsa na aiki. "Kuma wagga aba mai tsami ce, ba ta son tumatir, hwaɗa za su yi. Gishiri take so da maiƙo. Ki ba ni minti goma."

Ya shiga kusin, wato ɗakin girki, ya fito da faranti biyu, asiti a bakinmu. Ɗaya ɗan kifin da na ce ne da miyarsa. Ɗayan kuwa cuku ne, busasshen cukun nan na Buzaye da muke ci da shayi, ya ɗan ɗora shi kan garwashi har ya yi laushi, ya shafa masa man shanu, ya barbaɗa gishirin Bilma. A gefe ya sa tsokar kaza da ya matsa wa lemun tsami na Timiya. Na yi dariya a fili. Na ce da Faransanci, don Madam ta ji, cukun makiyaya za a ba mutanen da suka biya kuɗin jirgi.

Madam ta ci kifi ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Ni ma na gwada. Giyar ta tono ƙarnin kifin ta ninka shi, tattasai ya kashe ƙamshinta, abin da ya rage a baki kamar ka lashi tsohon cokali. Sai muka koma kan cukun. Tun a taunar farko na san an kayar da ni. Maiƙon ya kwantar da tsamin, tsamin ya wanke maiƙon, gishirin ya fito da wani ɗan zaƙi da ban san yana cikin giyar ba, sai ka ji kana son ƙara cuku don ka ƙara kurɓa. Na manta ban tofar ba. Madam ta buga tebur tana dariya, ta ce hancin tsohon nan ya fi difulom ɗina daraja, ta tambaye shi yaya aka yi ya sani alhali bai taɓa sha ba.

"Shekara talatin ina kwashe asiti, Madam. Ina ganin wanda anka cinye, ina ganin ber ɗin da anka bari rabi anka nemi ruwa." Sai ya dube ni yana murmushi, ya dafa kafaɗata. "Ɗana, a lakkol ɗin ba a koya muku kallon asiti in ya komo ba?"

Wasa yake yi, irin wanda uba ke yi da ɗansa. Na san haka yau, na kuma san haka a ranar. Amma Iya ta tuntsire da dariya har ta saki kwano, kuma dariyar nan ta kwana uku tana yawo a kaina. Na tsane shi. Ba zan ɓoye kalmar ba, tsana ce, ga mutumin da ya rufe mahaifina da hannunsa ya kuma samo mini aiki.

Ranar Juma'a, jajiberin zuwan baƙi, aka ce a gwada miyar kazar da za a ba su. Baba ya gama, ya sauke tukunya, ya rufe, ya canza riga ya tafi masallaci. Na ce ina nan tafe. Da gidan ya yi shiru na buɗe firigo, na ɗauko ragowar kwalbar, na tsaya a kan tukunyar da murfi a hannu ɗaya. Na san al'adarsa sarai: ba ya barin miya ta fita kusin sai ya ɗiga ta a bayan hannu ya lasa. Rabin ber ya isa.

Ban zuba ba. Da na so in rubuta cewa tsoron Allah ne ya riƙe hannuna, amma ba shi ba ne. Madam takan ja ɗan layi da biro a jikin takardar kwalba daidai inda giya ta tsaya, kuma na ga layin. Sai na mayar da kwalbar, na ɗauko wani famfulmus na Timiya, ƙaton lemun nan mai tsami da ɗaci, da bai gama nuna ba, na matse rabinsa cikin miyar, na juya, na rufe. Ɓawon na jefa shi bayan katanga. Sannan na ɗauko ber ɗaya, na jiƙa shi da ruwa, na ajiye kusa da murhu. A lokacin nan ne na gane ba na ma bukatar giyar.

Ya dawo daga salla yana ƴar waƙar yabo a ƙasan maƙoshi. Iya ta dawo, direban gidan ma ya shigo neman abinci, ya zauna bakin ƙofa. Baba ya buɗe tukunya, ya ɗiga a bayan hannu, ya lasa. Ya tsaya. Ya sake ɗigawa. Sai ya ɗauki cokali ya ɗebo cike ya sha, ya lumshe ido.

"Wa ya taɓa mini miya?"

Na ce ni ne, Baba.

"Allah shi yi maka albarka. Tun ɗazu nake jin akwai abin da ta rasa. Mi ka sa?"

Na nuna ber ɗin da haɓa. Na ce: "Rabin wancan, daga farar nan ta Madam. Bayan ka sauke na zuba, wuta ba ta taɓa ta ba. Ashe ka san daɗi, Baba."

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa cikin ƙiftawar ido irin haka ba. Ya ajiye cokalin a hankali, ya dube ni yana jira in ce wasa nake. Na tsare shi da ido. Sai ya fita da gudu-gudu zuwa famfo, dattijo mai furfura, ya durƙusa inda Iya ke wanke tukwane, ya yi ta kurkurar baki. Ya ɗauki sabulun wanke-wanke ya goga a harshensa. Ya tura yatsa maƙoshi yana kakari, ba abin da ya fito sai yawu, hawaye na zuba kan gemunsa. Direba ya ce a'uzubillahi, ya tashi ya bar abincinsa. Iya ta rufe baki da gefen zane, idonta na ƙyalli. Ni kuma na jingina da ƙofar kusin na yi dariya, kuma dariyar ta yi mini daɗi.

Kafin la'asar labarin ya gama unguwa, Iya ba ta taɓa yin jinkiri a irin wannan aiki ba. Yadda ya isa kasuwa shi ne ladan ya sha miyar giya cokali uku, ya lumshe ido, ya sa albarka. Liman ya kira shi ya faɗa masa a gaban mutane cewa ba laifi a kan wanda bai sani ba, laifin na wanda ya zuba ne. Ni aka yi wa faɗa kwana biyu, na sunkuyar da kai na ce kuskuren ƙuruciya ne, a makaranta haka ake dafa kaza, aka ce ɗan boko ne, aka manta. Shi ba a manta masa ba. Mutanenmu sun iya wasa mai yanka. In ya wuce majalisar maƙeran azurfa sai wani ya ɗaga murya: "Baba, ina gajiya? Yaya miya?" A gidan suna in an kawo abinci sai a ce a ba Baba ya fara ɗanɗanawa, shi ya san na gari. Waɗanda suka daɗe suna jin haushin taƙamarsa suka samu ranarsu.

Ba wanda ya hana shi kiran salla. Shi ya daina. Asubar Lahadi muka ji muryar wani maƙwabci a madadinsa, mai kaushi, tana karyewa a tsakiya. Da liman ya matsa masa sai ya ce shi ya yarda ba a rubuta masa zunubi ba, amma ya ji daɗin abin, har ya ƙara, kuma ba zai iya ɗaga wannan harshen sama ya kira sunan Allah a kan rufin mutane ba. Ya koma sahun baya, kusa da takalma.

A wurin aiki bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da rana ɗaya. Yana gaishe ni, yana ce mini ɗana. Sai dai ya daina ɗanɗana abinci. Yana dafawa da ido da hanci, ya rufe ya aika tebur. Yau gishiri ya yi yawa, gobe babu, jibi shinkafa ta yi lami. Asiti suka fara dawowa da rabi, kuma shi ne ke kwashe su, yana gani. Madam, wadda ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa, ta tambaye ni me ke damun tsohon. Na ɗaga kafaɗa na ce shekaru ne, Madam, harshe ma yana tsufa. Da sanyi ya wuce, baƙi suka janye, ta sallame shi cikin mutunci, da ɗan ambulan da rediyo sabuwa. Ni ta ba ragamar gidan.

Gasasshen cuku da man shanu da farar giya ya zama abin da aka san gidan da shi. Turis sun sha kirana tebur su tambaye ni yadda na gano wannan haɗin. Nakan ce musu gwaji ne da haƙuri, su kuma su rubuta a ƴan littattafansu.

Bayan haka duniya ta juya. Hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, turis suka ɗauke ƙafa, Madam ta sayar da gidan ta koma ƙasarsu. Daga baya zinariya ta ɓulla a Jado, gari ya cika da samari daga kudu da Najeriya masu neman mota zuwa daji. Na buɗe kanti ina sayar musu da bidon na ɗibar ruwa, da taliya, da sukari da shayi, na yi arziki daidai gwargwado. Na je Makka. Yanzu in na shiga masallacin unguwa ana matsa mini wuri a sahun gaba. Baba nakan hango shi jifa-jifa, ya rame, idonsa ya yi fari, yana bin jikin katanga da sanda. Duk azumi ina aika masa da buhun gero, ana kuma yaba mini a kan haka.

Wata safiya ina cikin auna wa wasu ƴan zinariya kaya sai ga shi a ƙofar kanti. Ya yi sallama, na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce magana ce gajeruwa, in matso. Na matso, warin tsufa da na magani na tashi daga rigarsa. Ya yi ƙasa da murya don kada masu saye su ji.

"Ɗana, likita ya ce in shirya. To ina shiri. Akwai abin da ya hana ni barci shekara da shekaru." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na san warin abar nan. Ko an ɗiga ta cikin tulu ina ganewa. Ran nan da na buɗe tukunyar ga, ban ji ta ba. Tsami na ji, irin na lambu. Na yi ta juya abin, na ce ko yaron nan wasa ya yi mini, kunya ta hana shi komowa. In haka ne, don Allah ka hwaɗa mini. Ba ni gaya wa kowa. Ni ɗai nike so in sani kahin in tahi."

Ya riƙe hannun rigata da yatsu biyu. Babu abin da zai rage mini in na faɗa. Ya yi alkawarin yin shiru, kuma Baba bai taɓa karya alkawari ba. Kalma uku ce, ban zuba ba, su ne za su mayar masa da abin da ya fi so a duniya. Na buɗe baki da niyyar faɗinsu, wallahi na buɗe. Sai na ji tsohuwar tsanar nan ta taso mini, ba ta ragu ko kaɗan ba. Makaho, da ƙafa ɗaya a kabari, daga shaƙa ɗaya ta shekara goma sha wani abu da suka wuce, kuma har yanzu shi ne mai gaskiya.

Na ce: "Na zuba, Baba. Rabin ber, kamar yadda na gaya maka. Tafarnuwa ce ta danne warin."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya saki rigata, ya shafa wurin da ya riƙe kamar ya yamutsa ta. Bai yi kuka ba, bai la'ance ni ba, da ya yi da na ji sauƙi.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe na ɗauki alhakinka. Shekarun ga duka ina zarginka da ƙarya cikin raina, kai kuwa gaskiya ka hwaɗa tun ranar hwarko. Ka yahe mini, ɗana. Ba ni son in tahi da hakkinka."

Masu saye suna kallonmu, wani har ya cire hula don ganin dattijo yana roƙon gafara. Baba yana tsaye, ya tara hannu biyu a kan sandarsa, yana jira.

Na ce na yafe.